Kujerar Àdùnní da Batun Kayan Gida Masu Kamannin Ƙasa

Wannan takarda za ta yi tsokaci ne a kan kujerar Àdùnní, wadda Tosin Oshinowo, mai zanen gine-gine a Legas, ta fitar ƙarƙashin kamfaninta Ilé-Ilà da ta kafa a shekarar 2017. Kujera ce ta mutum ɗaya, mai madafa biyu, ƙirarta ta katako, an lulluɓe ta da ashoke, saƙar gargajiyar Yarabawa.

Lalle aikin ya yi kyau. Ashoke ƙyalle ne da ake saƙa shi fale-fale marasa faɗi, sa'an nan a harhaɗa, kuma mai kujerar ba ta ɓoye wannan haɗi ba. Ta bar layukan su fito sarari, kamar yadda magini yakan bar jerin azara a rufin soro. To, amma idan aka yaye ƙyallen, me ya rage? Ƙira ce irin ta kujerun Turai na wajen 1950. Ke nan al'adar tana a riga ne, ba ta shiga ƙashi ba. Har ila yau, ashoke na Yarabawa ne, saboda haka kiran kujerar ta Nijeriya baki ɗaya yana bukatar hujja.

Mu a nan Arewa laifinmu ya fi wannan. Kafinta yakan kwaikwayi kujerar Italiya mai ruwan zinariya, ya manna mata dagi a ƙeya, a ce an yi ta gargajiya. Alhali ginin Hausa ba a ado ya tsaya ba. Duk wanda ya nazarci Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), zai ga cewa bakan gizo shi ke ɗauke da nauyin rufi, kuma shi ne kwalliyar. Madafar kujera da jinginarta suna iya tashi daga ƙasa su lanƙwaso kamar haka, su ɗauki nauyin mai zama.

Akwai kuma batun jiki. Bahaushe ya saba da tabarma da buzu, kujera 'yar tsugunno kuwa ta mata ce. Wanda ya sa babbar riga yana bukatar mazauni mai faɗi, gajere, wanda madafarsa ba za ta danne masa hannun riga ba.

A nan Wudil take da abin cewa. Garin ya shahara da ɗinkin hannu na manyan riguna, ga kuma Jami'ar Aliko Ɗangote da ke koyar da zanen gine-gine. Sai dai aska takwas ba ta jure gogayya, don haka in za a ɗora ta a kujera, bayan jingina ne muhallinta, mazauni kuwa a bar wa jemammiyar fata.