Harshe da Gasa: Tsokaci a Kan Fim Ɗin Mai Martaba

A shekarar 2019 masu shirya gasar Oscar a Amurka suka cire fim ɗin Nijeriya, Lionheart, daga rukunin finafinan ƙasashen waje, saboda Turanci ya rinjayi maganganun 'yan wasansa. A 2024 sai Nijeriya ta gabatar da Mai Martaba, fim na Hausa wanda Prince Daniel ya ba da umarni. Jigonsa rikicin gadon sarauta ne a wata ƙagaggiyar masarauta mai suna Jallaba.

Hausa ce ta buɗe masa ƙofar gasar, amma bai shiga jerin finafinai 15 da aka tace a Disambar 2024 ba. Abin lura shi ne, alƙalan gasar fassarar da ke ƙasan allo suke karantawa. Labarin fada kuwa nauyinsa yana cikin gaisuwa da kirari da karin magana, kuma su ne fassara take fara zubarwa. Bahaushen da ke zaune har can Hawata ta jihar Gadarif a Sudan zai ji nauyin "ranka ya daɗe" fiye da mai karanta fassara.

Saboda haka, samun kyauta ko rashinta bai isa ma'auni ba. Ya kamata manazarci ya fara auna yadda fim ya sarrafa harshe.