Takwarori Biyu a Gasar 1933: Imam, Ɓalewa da Littafin da Aka Bari a Baya

A Mabera, kamar sauran unguwannin Sakkwato, da wuya a bi layi guda ba a samu mai suna Abubakar ba. Wani ana kiransa Garba, wani Buba, wani Habu, wani Sadiƙu. Sunan babban sahabin Manzon Allah (SAW) ne, kuma a garin nan yana da nauyin sarauta. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya yi mulki daga 1837 zuwa 1842, Abubakar Atiku na Raɓa daga 1873 zuwa 1877, Abubakar na Uku kuwa shekara hamsin cif ya yi, daga 1938 zuwa 1988. Saboda haka ba mamaki in ana yawan ganin jerin manyan masu wannan suna yana yawo a Facebook da WhatsApp, da hoto da muƙami da ranar rasuwa.

Matsalarmu da irin wannan jeri ita ce yana tara mutane a inuwar suna, ba ya tambayar me kowannensu ya bari. Hausawa sun ce suna linzami ne, amma linzami iri ɗaya kan kai dawaki biyu gari daban-daban. Muna da misali a tarihin ƙagaggun labaran Hausa, wato Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Kamanninsu suna da yawa. An haifi Imam a Kagara a 1911, an haifi Ɓalewa a ƙasar Bauchi a 1912. Dukansu sun yi Kwalejin Katsina, dukansu sun fara da aikin malanta. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta labari da Hausar boko, su biyun suka shiga. Imam ya kawo Ruwan Bagaja, Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar. Tare da su aka buga Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Imam, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East.

Daga nan hanya ta rabu. Imam ya zauna a kan alƙalami. Ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a 1981. Ɓalewa kuwa siyasa ta tafi da shi. Ya zama Firayim Minista a 1957, shi ke riƙe da gwamnati lokacin da Nijeriya ta samu 'yanci a 1960, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Yau hotonsa na kan takardar naira biyar, jami'ar tarayya da ke Bauchi na ɗauke da sunansa. In an ce marubuci sai a tuna Imam, in an ce shugaba sai a tuna Ɓalewa. Wannan rabon ne muke ganin ya zalunci Shaihu Umar.

Ba wanda zai yi gardama a kan gwanintar Imam. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ta haɗa wa juna tarko daga gari zuwa gari, mai karatu na dariya. A Magana Jari Ce ya ɗauko tatsuniyoyin Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya sa musu riga da hula, ya ɗora su a bakin aku, har yaro ya rantse a bayan garinsu abin ya faru. Hausarsa tana gudu kamar ruwa a gangare. Sai dai duniyar da ya gina mai sauƙin zama ce. Mugu yakan sha kunya, mai wayo yakan tsira, kowa ya tashi da darasi a hannu, ba wanda ya kwana da baƙin ciki.

Shaihu Umar ba haka yake ba. Wani babban malami ne a Rauta yake ba almajiransa labarin asalinsa. Abin mamaki, daga wani gari mai suna Kagara labarin ya tashi, takwaran mahaifar Imam. Mijin uwarsa, Makau, bafade ne da ake aikawa harin kamo bayi, 'yan'uwansa fadawa suka yi masa sharri har aka kore shi daga gari. Aka sace Umar yana yaro, ya bi ta Kano, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya tafi da shi hayin Sahara, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma aka mai da ita baiwa. Ta sha wuya iri-iri kafin ta sake ganinsa, ba ta daɗe ba ta rasu.

Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ne ya rubuta wannan, a lokacin da waɗanda suka ga cinikin bayi da idonsu suna nan da rai. Bai kai laifin wata uwa duniya ba. Ya nuna harin yana tashi daga fada, kasuwar tana cikin birni, masu saye da sayarwa mutane ne masu salla da azumi. A cikin littattafai biyar na gasar, shi ne ya fi kusa da rayuwar da mutane suka yi a zahiri, ba aljani, ba tsafi, ba jarumin da ke kashe dubu shi kaɗai.

Littafin yana da rauninsa. Umar kusan ba ya yanke wa kansa shawara, duk inda ƙaddara ta jefa shi nan yake zama. Kirkin Abdulkarim da darajar da Umar ya samu daga baya suna iya sa mai karatu ya ɗauka bautar alheri ta zamo masa. Ɓalewa bai fito ya yi tir da tsarin ba, muryarsa a sanyaye take daga farko har ƙarshe. Amma uwar Umar ta hana labarin zama na haƙuri kawai. Ita ba ta samu malanta ba, ba ta samu almajirai ba, ba ta koma gida ba. Duk wanda ya bi sawunta a littafin ya san wa ya biya kuɗin darajar Shaihu.

Ba a ce an binne littafin gaba ɗaya ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Duk da haka salon Imam ya yi 'ya'ya da jikoki a rubutun Hausa, na Ɓalewa kuwa magadansa kaɗan ne. Marubutan da ke sakin labari babi-babi a waya a yau suna taɓo kishi da talauci da auren dole, amma da wuya su taɓo bauta, alhali kalmomin bawa da kuyanga da ɗimajo da cucanawa suna nan a harshenmu, kuma akan yi raɗa a kan asali in ana maganar aure.

Sakkwato ce hedikwatar daular da irin wannan labari ya faru a cikinta, kuma alfahari da malamanta da littattafansu ba ya hana a dubi wannan ɓangare na tarihinta. Shawararmu ga malaman Hausa da ƙungiyoyin marubuta ita ce a riƙa karanta Ruwan Bagaja da Shaihu Umar a jere, a zama ɗaya. A wajen Imam matashi zai koyi yadda ake riƙe mai sauraro, a wajen Ɓalewa ya koyi cewa labarin da ba a son ji a gida ma ana iya rubuta shi da Hausa, cikin natsuwa, ba tare da zagin kowa ba.