Hannun Nas da Hazon Ruwan Gishiri

Da hunturu ya kankama, ƙura ta turnuƙe gari, sai ɗakin yara na asibiti ya cika da jarirai masu toshewar hanci. Ga babba mura ce kawai. Shi kuwa jariri da hanci ya fi numfashi a watanninsa na farko, in ya toshe ba shan nono ba barci, uwa ma a zaune za ta kwana.

A nan ake gane nas ɗin da ta san aikinta. Kayanta ba yawa: na'urar nebulaiza, ɗan kofinta, robar rufe hanci da baki, sai tsabtataccen ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, mai giram 9 na gishiri a kowace lita. Takan zuba mililita 3 ko 4 ta kunna. Iskar injin ta farfasa ruwan ya zama hazo, yaro ya shaƙa, busasshiyar majina ta jiƙa ta saki. Kamar sirace ne, sai dai mai sanyi, babu fargabar ƙuna.

Zuba ruwa da kunna inji kowa zai iya. Gwanintar tana wajen shawo kan yaro, domin mai tsala kuka kaɗan yake ja ciki, sauran ya bi iska. Saboda haka ba ta kokawa da shi. "Hajiya, zaunar da shi a cinyarki, ki tallafe bayansa," sai ta fara kara robar a fuskar uwar, ya ga ba abin tsoro ba ne, ta bari kunnensa ya saba da gurnanin injin. Sannan ta ɗora masa robar ta zauna daram, don in an riƙe ta nesa da fuska asara ce. Idan kofin ya fara tartsatsi ta ɗan ƙwanƙwasa shi da farce, ɗigon da ya maƙale a gefe ya gangaro. Minti 10 zuwa 15 an gama, ta zuƙe majinar da 'yar roba, ta ce a ba shi nono yanzu tun hanya na buɗe.

Tana kuma faɗa wa iyaye gaskiya, abin da ke ƙara mata ƙima a idona: sau da yawa ɗiga ruwan gishirin a hanci ya wadatar, ba sai an sayi inji ba. Wanda ya saya, kada ya zuba ruwan rijiya ko na famfo, ko gishirin da ya dama da kansa, kuma ya wanke kofin ya shanya bayan kowane amfani. Ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari sai da izinin likita, don yana iya tayar da tari da shaƙewar ƙirji.

Duk wannan aiki idonta na kan haƙarƙarin yaron, tana ƙirga. In ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai numfashi 50 a minti, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, zancen ya wuce mura, ana zargin nimoniya. Nan take take aikawa a kira likita.