Ma'aikatan Laburare da Takardun Gidansu

A watan Oktoba na 1876 mutum 103 suka taru a birnin Filadelfiya, suka kafa jam'iyyar ma'aikatan laburare ta Amurka. Sana'arsu kuwa ita ce adana abin da waɗansu suka rubuta, su jera shi yadda mai nema zai samu ba wahala.

To, amma wanzami ba ya son jarfa. Sai da jam'iyyar nan ta shekara 97 kana takardunta na kanta suka sami mazauni tabbatacce. A 1973, da bikin cika shekara 100 ya ƙarato, ta danƙa wa Jami'ar Ilinoi da ke Urbana wasiƙunta da rahotannin kwamitocinta da hotuna, ofishinta kuwa yana can Shikago.

Wannan jinkiri abin zargi ne. Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san makomar fayil ɗin da ba mai kula da shi. Sabon magatakarda ya zo yana neman wuri a kabad, sai ya kwashe tsofaffi ya kai sito, daga nan sai labari.

Amma ba da ajiyar ga wani gida dabam, wannan kam dabara ce, gama ba mai son tona asirin kansa. A 1936 jam'iyyar ta yi taronta na shekara a Richmond, cikin jihar Bajiniya, inda doka ta raba fari da baƙi. Baƙaƙen fata, waɗanda su ma 'yan jam'iyya ne, aka keɓe musu wurin zama dabam, aka kuma hana su halartar duk zaman da za a ci abinci. Mutane suka yi ta rubuto wasiƙun ƙin yarda, har majalisar jam'iyyar ta yanke ba za ta ƙara taro inda za a wulakanta waɗansu daga cikin mutanenta ba. Irin wannan takarda ita ce shugaba mai jin kunya ya kan so ta ɓace. Ma'ajin jami'a kuwa ba ruwansa da kunyar wani, ya ba ta lamba, ya miƙa wa mai nema.

Duk da haka akwai saura. Ma'aji ba ya adana sai abin da aka kawo masa, abin da ke zuwa kuwa yawanci na shugabanni ne da manyan kwamitoci. Ma'aikaciyar ƙaramin laburaren ƙauye, wadda ta shekara 30 tana biyan kuɗin jam'iyya ba ta taɓa hawa kujera ba, da wuya a sami fiye da sunanta cikin rajista.