Wa Ke Sa Ido a Ƙiradi?

Akwai wata magana da ke yawo a bakin masu ba 'yan kasuwa shawara, musamman matasan da suka karanto akanta da dokar kamfanoni, wai ƙiradi cinikin makafi ne. Mutum ya ɗauki kuɗinsa ya danƙa wa wani ya je ya juya, in an ci riba a raba, in an faɗi mai kuɗi ya rungumi ƙaddara. Ina rahoton wata-wata? in ji su. Ina mai binciken littattafai, ina sa hannun mutum biyu a kan cak? Daga nan sai su yanke hukuncin cewa tsarin ya dace da zamanin raƙuma, yau kuwa amana ba ta wadatar da kowa. Mai faɗin haka bai buɗe babin ba. Da ya buɗe da ya tarar malamai sun amsa tambayarsa dalla-dalla, amsar ce dai ba ta yi masa daɗi ba.

Tarihin ba ya buƙatar dogon zance. Larabawa sun san ƙiradi tun kafin Musulunci, shari'a ta zo ta tabbatar da shi. Imamu Malik, wanda ya rasu a 795, ya buɗe babinsa a Muwaɗɗa da labarin 'ya'yan Sayyidina Umar biyu, Abdullahi da Ubaidullahi, waɗanda gwamnan Basra Abu Musa al-Ash'ari ya ba su kuɗin baitulmali suka sari kaya a Iraƙi suka sayar a Madina, ƙarshe aka mai da abin ƙiradi, rabin riba ya koma baitulmali. Risalar Ibn Abi Zaid ta taƙaita hukuncin, Mukhtasar na Shaihu Khalil ya tsefe shi a ƙarni na 14, waɗannan littattafai kuwa su ne alƙalanmu suka yi ta hukunci da su. Fataken goro da suka riƙa bin hanyar Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ba kowannensu ke tafiya da kuɗin kansa ba, kuma in ayari ya tashi sai watanni sun shuɗe kafin maigida ya ji ɗuriyar jarinsa.

Inda nake so mu daɗe shi ne wata 'yar gajeriyar gaɓa a Mukhtasar, irin wadda ɗalibi kan biya a zaure ya wuce bai lura da nauyinta ba. Khalil ya jero sharuɗɗa uku da mai jari zai gindaya su ɓata ƙiradin. Na farko ya ce sai hannunsa ya shiga cikin saye da sayarwa. Na biyu ya ce kada mai aiki ya ƙulla wani ciniki sai ya dawo ya tuntuɓe shi. Na uku ya haɗa shi da wani amintaccensa da zai riƙa lura da shi. Wato dai abubuwan nan uku da masu sukar nan ke kira sa ido, su ne littafin ya ɗauko ɗaya bayan ɗaya ya ce in an shardanta su, yarjejeniyar ta tashi daga ƙiradi.

Abin da ya fi burge ni shi ne hukuncin da ke biyo baya. Ba a kori mai aiki hannu rabbana ba, an ce a biya shi ladan da ake biyan irinsa a irin wannan aiki, kuma ladan yana wuyan mai jari ko an ci riba ko an tafka asara. Ka lura da kyau. A ƙiradi sahihi, in kasuwa ta juya baya, mai jari ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa guminsa, kowa ya ji a jikinsa. Amma ranar da mai jari ya ce sai an bi ta kansa kafin a sari ko da bandir ɗaya na atamfa, ya mai da abokin kasuwancinsa ɗan aikinsa, ɗan aiki kuwa ba ruwansa da faɗuwar kasuwa, albashinsa yake jira. Ba a hana ka tsayawa a kan mutum ba, an dai gaya maka farashin tsayuwar.

Sai kuma wata togaciya da ke nuna malaman nan sun san halin 'yan kasuwa. An yarda mai jari ya haɗa mai aiki da yaron gidansa don ya taya shi ɗawainiya, muddin yaron ba ɗan rahoto ba ne. Yaro ɗaya ne, tafiya ɗaya ce, kaya ɗaya suke ɗaurewa. In an tura shi ya kama aiki, ƙiradi na nan daram; in an tura shi ya ƙirga loma ya kawo labari, ya rushe. Duk wanda ya taɓa zama a shagon Kantin Kwari ya san bambancin yaron da aka kawo ya koyi kasuwa da wanda aka dasa don ya kai gulma gida, kuma ya san yadda na biyun ke daskarar da mutum har ya kasa yin ragin da zai kawo ciniki.

Gwada hukuncin sa idon nan da sharaɗin lamuni, wato mai jari ya ce ko me ya faru uwar kuɗinsa sai ta dawo cif. Shi ma ɓatacce ne, amma hukuncinsa daban: a soke sharaɗin, a mai da su kan rabon riba irin wanda aka saba, in babu riba mai aiki ba shi da komai, kuma ba ya biyan asarar da ba shi ya jawo ba. Kenan a wajen Khalil, mai jarin da ya nemi ya ɗaure hannun mai aiki ya fi gusar da yarjejeniya daga asalinta a kan wanda ya nemi ya ɗora masa asara. Da farko abin kan zo wa mutum banbaraƙwai, sai ya tuna cewa abin da mai aiki ya zuba a kasuwancin shi ne basirarsa. In ka karɓe masa ita, me ya rage da zai sa ya cancanci kaso a riba, ko ya haƙura da faɗuwa?

To ina idon mai jari yake? Yana farko, yana ƙarshe. Kafin kuɗi su bar hannunsa yana da bakin magana sosai. Yana iya hana wani nau'in kaya, ya hana tafiyar dare, ya hana hawa teku, ya hana sauka a kwari inda ruwa kan yi ɓarna. An ruwaito cewa sahabi Hakim ɗan Hizam yakan gindaya irin waɗannan sharuɗɗa, har da hana sayen dabba mai rai. Wanda ya ƙetare iyaka ya biya. Haka in ya sayar bashi ba da izini ba, ko ya miƙa kuɗin ga wani ya juya masa. Ba a ƙulla ƙiradi da haja sai da tsabar kuɗi, ba a kuma ce wa mutum bashin da nake bin ka riƙe shi ya zama jari, duk don kada a wayi gari ana gardamar nawa aka fara da shi.

Ƙarshen ya fi tsauri. Mai aiki ba ya yanka wa kansa kaso a bayan idon mai jari. Sai kaya sun koma kuɗi, kuɗin sun zo gaban mutum biyun, an cire uwa tukuna, sannan a raba abin da ya hau. A ɗauka Alhaji ya ba da naira miliyan 10 a kan rabi da rabi. Saron farko ya faɗi, kuɗi suka koma miliyan 8. Mai aiki ya sake juyawa suka kai miliyan 11. Ranar lissafi zai so ya ce ya ci ribar miliyan 3, a ba shi miliyan 1 da rabi. Ba haka ba ne. Ribar baya ita ke cike gurbin asarar farko, abin rabo miliyan 1 ne kacal, nasa dubu 500. Wannan ƙa'ida ɗaya ta fi ɗan rahoto goma aiki, domin duk sakacin da ya yi a hanya aljihunsa zai fara taɓawa. In kuma an ba shi kuɗin a gaban shaidu don tabbatarwa, to a gaban shaidu zai mayar, cewarsa kaɗai ba ta isa. A tsakiya ne kawai aka ɗage wa mai jari hannu: da zarar an sari kaya ba ya iya cewa a ba shi kuɗinsa yau-yau, in sun saɓa kan lokacin sayarwa alƙali ne zai duba maslaha.

Masu ganin wannan duk tsohon yayi ne su leƙa dokar da suke taƙama da ita. Dokar Ingila ta 1907 kan haɗin gwiwar da wani abokin ke zuba kuɗi kawai ta ba shi damar duba littattafai da ba da shawara, amma in ya tsoma hannu a gudanarwa to bashin da aka ciwo a wannan lokaci ya hau kansa kamar kowa. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020 ta ɗauko irin wannan tsari. Masanin tarihi Abraham Udovitch ma ya daɗe da kawo hujjar cewa yarjejeniyar da fataken Italiya suka yi arziki da ita a tsakiyar zamani mai yiwuwa daga ƙiradi ta samo tushe. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, hukuncin ƙiradi da dokar zamani sun tsaya a wuri guda: mai tuƙi shi ke ɗaukar nauyin hatsari.

Bankunan Musulunci sun fahimci wannan sarai, shi ya sa suke wasa da shi ta gefe ɗaya. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Wajen karɓar ajiya suna son ƙiradi, da yake su ne masu aiki, mai ajiya ba ya zuwa ya ce a zuba kuɗinsa nan ko can, Babban Banki da kwamitin malamai ke duba masa. Amma in ɗan kasuwa ya zo neman jari, galibi murabaha ko ijara ake miƙo masa, inda riba a ƙayyade take kuma bashi ne a wuyansa. Ban zarge su ba, kuɗin mutane ne a hannunsu, sai dai kada a ce an raya ƙiradi.

Wanda ya fi damuna shi ne Alhajin yau da wayarsa. Ya tura yaro Guangzhou ko Dubai da sunan kashi-mu-raba, sannan ya hana shi sakat: kowane shago sai an kira shi ta WhatsApp ya ga kaya, shi zai zaɓi launi, shi zai ce a ƙara kwali hamsin, shi zai ce a canja kamfanin jigila. Kaya su iso Kano su ƙi tafiya, sai ka ji ya ce yaro bai iya saro ba, wannan karon ba shi da ko sisi. Na san za a ce Khalil a kan sharaɗi ya yi magana, Alhaji kuwa bai shardanta komai ba, shawara kawai yake bayarwa. Amma malaman mazhabarmu sun daɗe da ɗaukar al'adar da ta zauna a matsayin sharaɗi, kuma yaron ya san in ya sari kwali ɗaya bai kira ba, ba zai sake ganin biza ba. A ganina wannan yaro ladan aikinsa yake bi cikakke, na kwanakin tafiya da na zaman jiran kwantena, kuma saƙonnin muryar da Alhaji ya yi ta turawa da tsakar dare suna nan a wayar yaron in an je gaban alƙali.