«Juyin halitta»: sharhi a kan wata kalma da wani littafi na Maurice Bucaille

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba tambayar nan da ta daɗe tsakanin ɗalibai da malamansu, wato ko wanda ya yi imani Allah ne ya halicci kome zai iya karɓar abin da ake kira «évolution» da Faransanci. A matsayinmu na masu nazarin harshe, za mu tsaya ga kalmomin da ake gardamar da su, sa'an nan mu auna hanyar da Maurice Bucaille ya bi cikin littafinsa L'Homme, d'où vient-il ? (1981). Misalanmu daga ƙasar Madarumfa muka ɗauko su, kudu da Maraɗi. Batun na da nauyi, domin tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa bisa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Kalmar da muka saka cikin littafin makaranta za ta iya yanke wa yaro hukunci tun bai karanta darasin ba.

2. Kalmar kanta

Fassarar da ta fi yaɗuwa ita ce «juyin halitta», kuma kowane ɓangare nata na ɗauke da matsala. Kalmar halitta, wadda aka aro daga Larabci, tana da ma'ana uku aƙalla: aikin Mahalicci, da abin da aka halitta, da kuma siffa ko ɗabi'ar da aka haifi mutum da ita, kamar in an ce «halittarsa ce». Shi kuwa juyi, mun fi jin sa cikin «juyin mulki» da «juyin juya hali», inda ake tumɓuke mai iko farat ɗaya. In aka haɗa su, kunnen Bahaushe na jin an kifar da aikin Mahalicci, alhali nazarin Darwin (1859) yana magana ne a kan sauyin da ke taruwa kaɗan-kaɗan cikin zuriyoyi masu yawa.

Haka ma taƙaitawar nan da ake yi, wai «mutum daga biri ya fito». Masana ba su faɗi haka ba. Cewa suka yi mutum da manyan birai na yanzu kakansu ɗaya, kamar yadda Hausa da Bolanci da Ngizimanci suka fito daga tushe ɗaya na Cadi ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Bugu da ƙari, ga wanda ya yi karatun allo, rikiɗa zuwa biri ukuba ce da aka ambata cikin Suratul Baƙara, aya ta 65. Ke nan jimlar zagi ce tun kafin ta zama bayani.

3. Shaidar gona da ta baki

Manomin Madarumfa ya san iri na sauyawa. A lokacin girbi yakan ware zangarkun geron da suka fi cika ya ajiye don shukar baɗi, kuma yakan tuge shibra, wadda ke fitowa daga barbarar geron gida da na daji, tana zubar da tsabarta tun ba a girbe ba. Da irin wannan zaɓe ne mutanen Sahel suka fid da geron gida daga ciyawar daji fiye da shekara 4000 da suka wuce, kuma da sauyin dabbobi da tsirrai na gida Darwin ya buɗe littafinsa. Manomin bai ga saɓani ba tsakanin zaɓen irinsa da roƙon Allah ya ba da damina mai albarka.

A fagenmu ma haka abin yake. Mutumin Madarumfa na cewa zamna, abduga, amre, inda Bakano ke cewa zauna, auduga, aure. Ƙa'idar Klingenheben ta nuna siffar farko ita ce ta asali, baƙin ƙarshen gaɓa ne ya raunana a Kananci. Suratur Rum, aya ta 22, ta lissafa bambancin harsuna cikin ayoyin Allah, kuma bayyana ƙa'idar da bambancin ya bi bai rushe wannan aya ba. Sai dai kwatancin na da iyaka: yana nuna cewa gano sababi bai kore Mai sabbabawa, amma bai tabbatar da kome a kan asalin ɗan Adam ba.

4. Hanyar Bucaille

Bucaille (1920-1998) likita ne Bafaranshe, wanda littafinsa La Bible, le Coran et la science (1976) ya sami karɓuwa ƙwarai wurin Musulmi masu karatun Faransanci. A littafin 1981 ya yarda jinsunan dabbobi sun sauya, ya yarda siffar mutum ta sauya cikin zamunna, amma ya ƙi dangantakar zuriya tsakanin mutum da birai, ya kuma yi jayayya da masu mai da kome ga dace, irin su Jacques Monod. Ya cancanci yabo a nan, domin ya raba binciken kimiyya da falsafar musun Allah da wasu ke ɗora masa.

Inda muka saɓa da shi, shi ne yadda yake sarrafa ma'ana. Ɗauki kalmar aɗwar ta Suratu Nuhu, aya ta 14. Tafsirai irin Jalalaini, wanda ake karantawa a zaurukanmu, sun fassara ta da matakan da ɗan tayi ke bi cikin mahaifa. Bucaille ya miƙa ta har ta kai ga sauyin siffar mutane cikin tarihi. Gaskiya ne Larabcin zamani ya ƙera taɗawwur, wato «évolution», daga wannan saiwa, amma tarayya cikin saiwa ba ta mai da sabuwar ma'ana ta koma ƙarni na 7. Wannan kuskure ne da muke gyara wa ɗalibanmu cikin darasin tarihin ma'ana.

Aibi na biyu ya fi girma. Wanda ya ɗaure tafsiri ga kimiyyar shekararsa, ya jingina bango ga zana. Bayan mutuwar Bucaille an tono ƙoƙon kan Tumai a hamadar Jurab ta Cadi a 2001, mai kimanin shekara miliyan 7, kuma a 2005 aka fid da jerin ƙwayoyin gadon birin cimfanzi, aka ga kusancinsa da na mutum. Hujjojin da ya ƙi a 1981 sun ƙara ƙarfi, wanda kuwa ya gina imaninsa bisa ƙin nan sai ya shiga ruɗu ba gaira ba dalili.

5. Inda gizo ke saƙa

Game da tsirrai da dabbobi, tun 1888 malamin Tarabulus ta Sham, Husain al-Jisr, ya nuna cikin Ar-Risalatul Hamidiyya cewa in sauyin ya tabbata da hujja, ba ya rushe imani da Mahalicci. Kullin da ya rage shi ne halittar Annabi Adamu. Shoaib Ahmed Malik (2021), bisa tafarkin Gazali da Ash'ariyya, ya rarrabe matsayi huɗu, ya nuna mutum zai iya karɓar tushe ɗaya ga rayayyu, ya keɓe halittar Adamu a matsayin mu'ujiza, wadda kimiyya ba ta da ma'aunin tabbatar da ita ko ƙaryata ta. Wannan hanya ta fi ta Bucaille tsabta, domin ba ta tilasta wa kalma ɗaukar kayan da ba nata ba.

6. Kammalawa

Muna ba kwamitocin ƙirƙirar kalmomi shawara su jingine «juyin halitta», su gwada «sauyawar iri», tun da iri na nufin tsaba da kuma nau'i, manomi ya san shi, kuma bai taɓa sunan aikin Mahalicci ba. Ga «sélection naturelle» muna ba da «tankaɗen muhalli». Kafin a saka su cikin littafi, ya kamata a gwada su ga malaman makarantun Madarumfa da na zaure, a ji abin da kowa ya fahimta. Muna jiran gyaran abokan aiki na sashen ilmin rayayyu da na Larabci.