Marubuci da Tsohuwar Taswira

Kwanakin baya wani ɗan ƙungiyarmu ya kawo mini rubutaccen labarinsa in duba, labarin wani matashin marini ɗan Yakasai a zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Dabo. Hausarsa ta yi daɗi, zubin labarin ma ba laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne, Kanon da ya zana ta yau ce aka naɗa wa rawani. Gidaje cunkushe har jikin ganuwa, kuma tauraron ya tashi daga Yakasai ya isa Dala ba tare da ya ga ruwan Jakara ba.

Wannan cuta ba shi kaɗai ta kama ba. Da yawanmu mukan ce "a wata unguwa cikin birni" mu wuce, sai ka ce wuri ba ya cikin labari.

Ga shi kuwa magani na nan. Clapperton ya zo Kano a 1824, ya kuma ƙiyasta cewa gidaje ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba, sauran gonaki ne da fili. Barth ya zo a 1851, zamanin shi Sarki Usman ɗin, ya zana taswirar birnin wadda ta fito a littafinsa na 1857, da Dala da kasuwa da Jakara kwance tsakiyar gari. Da marubucinmu ya duba ta, da ya san inda marininsa zai tsallake ruwa, da inda dawa za ta tare masa gani da damina.

Sai dai kada a ɗauki taswirar nan tamkar hadisi. Baƙo ne ya zana ta, ya rubuta sunayen unguwanni yadda kunnensa ya jiye masa. Ba za ta faɗa maka wa ya haƙa wace rijiya ba, ko sunan kududdufin da aka cike aka yi gini a kai. Wannan sai dattawan unguwa, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Shawarata ga mai son rubuta labarin da, ya ɗauki taswira ya taka da ƙafarsa daga Ƙofar Mata zuwa Kurmi, sannan ya zauna a zaure ya yi tambaya. Bayan nan ya ɗauki biro. Allah ya sa mu dace.